Na'ura Ta San Wuri, Amma Ba Ta San Mutum Ba

Yaranmu da ke zirga-zirga tsakanin Kiyako da Birnin Kudu da Gwaram suna duba wayar hannu ta nuna musu hanya. Wayar tana karɓar saƙo ne daga taurarin ɗan Adam na GPS, waɗanda Amurka ta harba tun asali domin sojojinta. Kafin watan Mayu na 2000, da gangan ake gurɓata saƙon farar hula, har kuskurensa yakan kai mita 100, alhali na soja ya fi shi daidai nesa ba kusa ba. Da irin wannan saƙo ake jagorar bama-bamai da jirage marasa matuƙi. Tambayar da ke gaban lamirinmu ita ce: idan makami ya daina kauce wa inda aka auna, shin yaƙi ya zama na adalci ke nan?

Bari mu duba tarihi. A 1999 bama-baman Amurka masu bin GPS suka faɗa kan ofishin jakadancin Sin a Belgrade, mutum 3 suka mutu. Bama-baman sun sauka daidai inda aka umarce su. Masu ba da umarnin ne suka ɗauki ginin a matsayin wani dabam. A ƙasarmu kuwa, ran 17 ga Janairu 2017 jirgin yaƙi ya yi ruwan wuta a kan 'yan gudun hijira a Rann ta jihar Borno, daga baya binciken soja ya ce ba a sa sansanin a taswirarsu ba. Ran 3 ga Disamba 2023 jirgi maras matuƙi ya kashe masu Maulidi aƙalla 85 a Tudun Biri ta jihar Kaduna.

Na'ura tana iya amsa "ina ne?", amma "wane ne?" tambaya ce da Allah ya ɗora wa ɗan Adam tun zamanin Kayinu da Habila. Saboda haka Babban Taron Vatikan na Biyu ya koyar a 1965 cewa halaka jama'a ba tare da bambancewa ba laifi ne ga Allah da mutum. Gwargwadon yadda makami ya ƙara daidaito, haka uzurin mai harbi yake raguwa, alhakin bincike kuma yake ƙaruwa.

Mu ma Doka ta Biyar ta shafe mu. Sau da yawa harshen mutum ne ke fara nuna ƙauye ko ruga a ce maɓoyar miyagu ce, magana kuwa zarar bunu ce. Kada mu kai rahoton abin da ba mu tabbatar ba. Mu gargaɗi 'ya'yanmu da ke aikin soja su riƙa jin tsoron Allah, mu kuma yi kuka tare da maƙwabtanmu Musulmi, gama jininsu da namu ɗaya ne a gaban Mahalicci.

Ubangiji ya ba da hutawa ga waɗanda suka mutu, ya ba ƙasarmu salama. Amin.