Biyayyar Tilas da Biyayyar Yarda: Darasi Daga Kiɗan Fursunoni Huɗu

Sau da yawa mukan ɗauka biyayya iri ɗaya ce, wato babba ya ba da umurni, ƙarami ya sunkuyar da kai. A wannan maƙala za mu nuna cewa iri biyu ce, kuma za mu kafa hujja da wani kiɗa da aka yi a hannun abokan gaba.

A shekarar 1940 sojojin Jamus suka kama Olivier Messiaen, Bafaranshe mai tsara kiɗa, suka tsare shi a sansanin fursunonin yaƙi na Stalag VIII-A da ke Görlitz. Tare da shi akwai makaɗa uku: Henri Akoka mai busa kilarinet, wadda ta ɗan yi kama da algaita, Jean Le Boulaire mai gogen fayolin, da Étienne Pasquier mai celo, wato babban goge mai kaurin murya. Shi kuwa Messiaen fiyano yake kaɗawa. Ya tsara musu "Kiɗan Mutum Huɗu na Ƙarshen Zamani", suka gabatar da shi ranar 15 ga Janairu, 1941, cikin tsananin sanyi, a gaban fursunoni da masu tsaronsu.

Abin lura shi ne yadda aka raba aikin. Kiɗan kashi 8 ne, amma a kashi 4 kaɗai dukkansu suke kaɗawa tare. Kashi na 3 mai busa ne shi kaɗai. A na 4 ma fiyano shiru take yi, ke nan mai tsara kiɗan da kansa yakan naɗe hannu ya saurara. Na 5 na celo ne da fiyano, na 8 kuma na fayolin da fiyano. Haka nan irin wannan ƙaramar ƙungiya ba ta da jagora mai ɗaga sanda. Kowa da kunne da ido yake bin ɗan'uwansa.

To, a sansanin nan shiru biyu suka haɗu. Fursuna yakan yi shiru a gaban soja domin tsoron bindiga, kuma wannan shirun rage shi yake yi. Makaɗi kuwa yakan yi shiru domin muryar abokinsa ta fito, yana sane da cewa nasa lokacin na tafe. Na farko ya bi mutum ne, na biyu ya bi ƙa'idar da ta hau kan kowa, har da wanda ya shimfiɗa ta.

Mai musu zai iya cewa kiɗan bai karya ƙyauren sansanin ba, kuma masu tsaron da suka saurara ba su ajiye makamansu ba. Wannan gaskiya ne, daɗin sauti ba ya wanke azzalumi. Sai dai zalunci, bayan tsare jiki, yana neman ya koya wa mutum cewa babu abin da ke haɗa jama'a sai tsoro. Mutanen nan huɗu sun ƙaryata wannan a gaban masu koyar da shi.

Masu iya magana sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna ƙarawa da cewa hannuwa da yawa ma ba sa ɗauka idan kowanne na ja gefensa, ko kuwa bulala ce ta tara su. Saboda haka ma'aunin kowace ƙungiya, ta ɗalibai ce ko ta malamai, shi ne: shin shugabanta yakan yi shiru idan lokacin wani ya zo?