Kyauta da Fuskar Wani

Yau kusan shekara biyu ke nan da nake zama, ranar Asabar da hantsi, tare da waɗansu manyan ɗalibaina da samari biyu da suka riga suka bar makaranta, a inuwar wani dogonyaro nan Matamaye, muna koyon yadda ake saka hoto a Wikipedia. Babu wanda ya ɗora mini wannan aiki, babu kuma mai biyana. Haka shi kansa kundin yake: tun da aka buɗe shi a shekarar 2001, masu aikin sa kai ne suke rubuta shi. Hotunansa kuwa suna da rumbunsu daban, wanda ake kira Wikimedia Commons, an kafa shi a 2004, abin da ke cikinsa ya haura fayil miliyan 100, kuma daga nan ne shafukan Hausa da na Faransanci da na Larabci da sauran harsuna suke ɗiba.

Abin da ya ja ni ga wannan aiki wani tsohon takaici ne. Sau biyu duniya ta zuba wa ƙasarmu ido sosai, kuma duka biyun da idon baƙo ta kalle mu. Na farko shi ne zamanin mulkin mallaka, lokacin da irin su Fortier na Dakar suke buga katunan hoto na mutanen Afirka ta Yamma ana aikawa Faransa, a ƙasan hoto a rubuta ƙabilar mutum, sunansa kuwa babu. Na biyu shi ne matsalar abinci ta 2005, sa'ad da hotunan yara masu tamowa daga jihohin Maraɗi da Damagaram suka zagaye duniya. Ba na cewa waɗannan hotuna ƙarya ne. Yunwar an yi ta, wasunmu sun binne nasu. Amma wanda ya san mu ta wannan taga kaɗai bai taɓa ganin gawon da manoman Matamaye da Magarya da Mirya suka raya cikin gonakinsu tun daga shekarun 1980 ba, bai ga lambunan rake ba, bai ga kasuwa ta cika ta batse ba. Na ce a raina, tunda yanzu kusan kowane saurayi yana da abin ɗaukar hoto a aljihunsa, me zai hana mu nuna kanmu da kanmu? Ga kuma gasar Wiki Loves Africa, wadda aka fara a 2014 da jigon abinci, tana kiran ƴan Afirka su yi hakan.

Tuntuɓen farko na kowane sabon shiga iri ɗaya ne. Yaro zai ɗauko kyakkyawan hoton fadar Sarkin Damagaram da wani ya turo masa ta WhatsApp, ya saka, bayan kwana biyu ya tarar an share. Sai ya zo da fushi: "Mushe, ai hoton nan na kowa ne!" A wurinmu abin da ya bi hannu da yawa, kamar tatsuniya, ba shi da mai shi. A dokar rumbun kuwa, mai hoto shi ne wanda ya ɗauka, har ma hoton mahaifinka da ke rataye a ɗakinku, hakkinsa na mai hoton da ya ɗauke shi ne. Wannan darasi ba shi da wuya. Sau ɗaya ake yin kuskuren. Aikina a nan bai wuce in fassara saƙon da aka aiko masa in kuma lallashe shi kada ya gudu ba, domin baƙon da aka tarba da gyara tun daga bakin ƙofa ba kasafai yake komowa ba.

Darasi na biyu shi ne na lasisi, kuma shi na fi jin daɗin koyarwa. Wanda ya saka hotonsa a rumbun ya yarda kowa ya kwafa, ya gyara, ya buga a littafi, har ya sayar, muddin ya ambaci sunan mai shi, kuma a galibin lasisin ya bar wa na baya irin ƴancin da shi ma ya samu. Sannan ba a janyewa. Na kwatanta musu abin da wakafi, kamar mutum ya haƙa rijiya a bakin hanya ya ce ta al'umma ce: ba shi da ikon zaɓen wanda zai sha, ba shi kuma da ikon cike ta ranar da ya yi fushi. Yaran suka so wannan magana ƙwarai, ni ma na so yadda na faɗe ta, kuma a nan ne na yi sakaci. Mai haƙa rijiya a filinsa yake haƙawa. Ban tsaya na tambayi kaina ko filin wa mai ɗaukar hoto yake bayarwa ba.

Ɗaya daga cikin ɗaliban, yaro mai ido, ya kawo hoton wata tsohuwa maƙwabciyarsu tana matsar man gyaɗa a tsakar gidanta. Ɗaurin ƙirji ne a jikinta, kanta babu kallabi, gumi yana bin goshinta, hasken safiya ya faɗo a kan tunkuzar da ke hannunta. Ban taɓa ganin hoton da ya bayyana wannan sana'a kamarsa ba. Na tambaye shi ko ya nemi izini. Ya ce ƙwarai: ya ce mata, "Iya, in ɗauke ki hoto?" ta ce, "Ɗauki mana, ɗana." Da hannuna na taya shi rubuta bayanin, da Hausa da Faransanci.

Bayan kamar wata guda, da la'asar, aka yi sallama da ni. Ɗan tsohuwar ne, magidanci mai fatauci tsakanin nan da Kano. Yaron ne da kansa, don alfahari, ya aika masa da hoton. Bayan gaisuwa ya ce, "Malam, kai ne ka saka mahaifiyata a duniya?" Sai na shiga yi masa bayanin kundi da amfaninsa, da yadda ake so a adana sana'o'inmu, har na kawo maganar lasisi. Ya saurara har na gama, ya ce, "Duk wannan da ka gaya mini, ita kun gaya mata?"

Wannan tambaya ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin ina ganin ta shafi duk wanda ya riƙe hannun wani yana koya masa wannan aiki. Tsohuwa ta ba da izini, babu shakka. Amma izinin me? Ta yarda ɗan maƙwabta, wanda ta goya yana jariri, ya ajiye kamanninta cikin wayarsa. Ba ta yarda wani kamfani a Turai ya manna ta a jikin kwalbar mai ba, don ba ta san hakan yana cikin abin da ake tambayarta ba. A nawa ganin, izini ba ya fin girman sanin mai ba da shi, kuma wanda ya fi sani shi ne nauyin bayani yake kansa. Yaron bai sani ba sai abin da na koya masa. Dokokin rumbun kansu sun bambanta hakkin mai ɗauka da hakkin wanda aka ɗauka, sun ce lasisi na farkon kawai ya shafa, sun kuma nemi yardar mutum idan a keɓaɓɓen wuri aka ɗauke shi, kamar cikin gida. Na karanta wannan shafi, na wuce shi da sauri, saboda hoton ya yi kyau. Ashe abin da na zargi masu katunan mulkin mallaka da shi ba launin fata ne ke kawo shi ba. Duk wanda yake bayan gilashin yana iya mayar da na gabansa misali: "mace mai ƙuli-ƙuli", ba Iya ba.

Sai dai akwai wata fuska ta maganar da bai kamata in ɓoye ba. Idan aka ce sai kowa ya fahimci intanet ciki da waje kafin a ɗauke shi, to, rabin al'ummarmu ba za su taɓa shiga kundin ba, kuma wannan rabin mata ne da tsofaffi, waɗanda dama tarihi ya saba tsallakewa. Baƙi kuwa ba za su daina ɗauka ba. Bugu da ƙari, wanda ya zo ƙofata ɗa ne, ba uwar ba, kuma sau da yawa ana fakewa da kunya a yi magana a madadin mace ba tare da an ji ta bakinta ba. In na share hoton don ɗanta ya ce, na sake yanke hukunci a kanta ba da saninta ba, karo na biyu ke nan.

Don haka na tafi wurinta, ni da yaron, da matata don shiga gida ya yi sauƙi. Na nuna mata shafin, na gaya mata cewa mutumin Makka da na Faransa duk suna iya ganinta, kuma wani yana iya bugawa ya sayar ba tare da ya ba ta ko dala ba. Maganar kuɗin ba ta dame ta ba. Ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta ce, "Malam, ba na ƙin a gan ni. Amma haka za a gan ni, kai ba ɗankwali, kamar wadda ba ta da kowa?" Ta ce a dawo ranar Juma'a ta sa tufafinta na kirki. Malamin da ke cikina ya so ya ce babu mai matsar mai da kayan Salla, kuma kundi gaskiya yake nema, ba ado ba. Na yi shiru, domin na lura ita ma wata gaskiyar take karewa, wato cewa tana da ƴaƴa da mutunci, kuma wannan ba ya fitowa a hoton farko.

Mai hoto yana iya roƙon a share abin da ya saka cikin kwana bakwai na farko ba tare da doguwar muhawara ba, in ba a riga an yi amfani da shi ba. Mu mun wuce wannan wa'adi, sai muka rubuta dalilinmu, masu aikin sa kai suka duba, suka share. Na gaya wa ɗanta gaskiya, cewa abin zarar bunu ne: in wani ya riga ya kwafa, yana hannunsa. Bai ji daɗi ba, amma ya yi godiya. Sabon hoton kuwa ita ta tsara shi, da mayafinta, hannuwanta cikin tunkuza, ta ce a rubuta sunan garin, kada a rubuta nata.

Yanzu kafin in koya wa sabon shiga inda ake latsawa, sai ya tsaya gabana ya yi mini, da Hausar da kakarsa za ta gane, bayanin inda hoto zai je. Yaron nan da yake kawo hoto talatin a mako, yanzu uku ko huɗu yake kawowa. Ɗaya daga cikin samarin kuwa ya daina zuwa. Ya aiko a gaya mini na mayar da abin wasa abin shari'a. Asabar da ta wuce na aika masa cewa za mu je ɗaukar gawo a gonakin hanyar Kance, ko zai zo.