Idan boka ne ya yi, wa za a tuhuma?

'Yan uwa, daga Dei-Dei zuwa Karmo har Nyanya, da wuya gidan da ba a kallon wasannin nan masu dogon zango na aljanu da bokaye. Wasu na Kannywood ne a YouTube, wasu na Indiya ne da aka fassara, irin su Naagin, labarin macijiyar da ke rikiɗa ta zama mace don ɗaukar fansar iyayenta, wanda aka fara nunawa a 2015. Hukuncin kallo na malamai ne. Mu zaren labarin muke so mu duba.

Akwai inda suka iya, gaskiya. Sun san hassada, sun san yadda take farawa: kishiya ta ga an yi wa 'yar uwarta sabon ɗinki, ta yi murmushi alhali zuciya na tafasa. Sun kuma nuna cewa boka ba ya ƙoshi. Yau baƙin zakara, gobe rago, jibi abin da baki ba ya iya faɗa. Sihiri kuwa ba ƙirƙirar 'yan fim ba ne, aya ta 102 a Suratul Baƙara ta ambaci wanda ke raba miji da mata.

Amma ku lura da mijin. Ya yi shekara bai leƙa mahaifiyarsa ba, ya kori uwargida da 'ya'yanta cikin dare, ya cinye gadon marayu. Sai a kashi na ƙarshe a tono laya a gindin murhu, ya yi firgigit ya ce, wai ina nake? Shi ke nan fa, kowa ya yafe. To wa ya yi zaluncin? Marubucin ya ɗauke masa nauyi ya ɗora wa laya, mu kuma muka ji daɗi, don ba mai son a ce son zuciya kaɗai ya isa ya sa ɗa ya manta da uwarsa. Alhali ya isa. Mun sha gani ba tare da an binne komai ba.

Ga kuma rabon lokaci. Boka ya yi kashi talatin yana cin nasara, ga jan ƙyalle ga dariya, malami kuwa minti biyar ake ba shi a ƙarshe. Yaron da ke zaune a gaban talabijin, ƙarfin wa ya fi gani?

Abin da ya fi damun mu shi ne labarin yana bin mu har kasuwa. Ciniki ya ja baya a Wuse, sai a fara yi wa maƙwabcin shago kallon hadarin kaji, wai shi ya kama kasuwar. Ba a buɗe littafin bashi ba, ba a lissafa kuɗin haya da na mota tun cire tallafin mai a 2023 ba. Suratul Hujurat ta gargaɗe mu a kan yawan zato, amma a wasannin nan duk wanda aka zarga, ƙarshe shi ɗin ne. Da wuya ka ga an tono gindin murhu an tarar ba komai, an je an nemi gafarar matar da aka yi wa ƙazafi. A gidajenmu kuwa akwai irin wannan matar, tana gidan iyayenta a Katsina ko Zariya da yara uku, har yau ba wanda ya je biko.