Kwanon Maƙwabci

A da, ranar bikin Afan, 1 ga Janairu, maƙwabtanmu 'yan Kagoro kan aiko mana da shinkafa, mu kuma da Babbar Sallah yara su kai musu nama. Tun rikicin 2011 kwanukan nan suka ragu. Wasu sun ce tsoro ne, wasu wai addini.

To, mutumin da muke sayen cittarsa, mu bar masa jiran shago in za mu Kano ganin gida, shi ne bai cancanci cinyar rago ba? Haƙƙin maƙwabtaka ba ruwansa da inda mutum yake ibada. Bana mu fara aikawa, ko da kwanon zai dawo wayam.

Allah Ya sa mu dace.