Haƙƙin Maƙwabci Ya Kai Har Kan Rufi

Shekarar da yayana ya samu kuɗi a Kano, abin da ya fara yi shi ne rushe soron mahaifinmu a Makoda. Ya zuba bulo, ya rufa kwano ba silin, ya sare darbejiyar ƙofar gida don ya fitar da shago, ya malale tsakar gida da siminti. Na ce, "Yaya, ko ka bar mana itacen nan?" Ya ce filinsa ne, kuɗinsa ne.

Bazara ta zo, Inna ta ƙaurace wa ɗakin, ta koma shimfiɗa tabarma a zauren maƙwabta. Da damina ta kankama, ruwan da ƙasa ke shanyewa a da ya rasa wurin shiga, ya bi ta rariya ya riƙa cin gindin katangar Baba, maƙwabcinmu, har ta zube cikin watan Agusta. Baba bai kai ƙara ba. "Haka Allah ya so," in ji shi. Ni kuwa tambayar ta tsaya mini a rai: shin mutum yana da ikon gina abin da ya ga dama a filinsa?

Malaman Malikiyya sun daɗe da amsawa. Ibnur Rami, wani magini a Tunis a ƙarni na 14, littafi guda ya rubuta kan hukunce-hukuncen gini: tagar da ke leƙa gidan wani, hayaƙin da ke shiga ɗakin maƙwabci, indararon da ke zuba a bangon da ba naka ba. Tushen duka ɗaya ne, ikonka a kan mulkinka yana tsayawa inda cutar da wani ta fara. Kakanninmu ba su karanta shi ba, amma Sarkin Magina ya san inda ake juya indararo, kuma ana jin maganarsa.

A 2017 gwamnatin tarayya ta fitar da ƙa'idar gini mai tsimin wuta. Ta ƙayyade faɗin tagogi, ta nemi a yi musu inuwa, a kuma sa abin tare zafi a ƙarƙashin rufi. Dariya ta kama ni da na ji, don katangar tubali mai kauri da rufin azara sun riga ta yin wannan aiki. Sai dai ƙa'idar ba ta hawa kan kowa sai jiha ta karɓe ta, kuma ko a birni, inda KNUPDA ke ba da izinin gini, bin kowane lungu aiki ne ja. A ƙauyukanmu kuwa magini da mai gida ne ke yanke komai a tsaye.

Ba ina cewa a koma jiya ba ne. Giginya ta yi ƙaranci, azara ta yi tsada, soro yana son yaɓe duk shekara, wanda aka yi sakaci da shi kuma yana danne mutane. Talakan da ya rufa kwano don ya huta da yoyo kansa kaɗai ya gasa, cin tararsa zalunci ne. Nasiha ce tasa: ya ɗaga rufin, ya sa silin ko na zana ne, ya buɗe tagogi biyu masu fuskantar juna.

Wanda doka za ta kama shi ne irin yayana, wanda ruwansa da zafinsa da hayaƙin janaretansa suka tsallake katanga. Wannan ba ya buƙatar sufeto daga Kano. Mai unguwa da dagaci su ce ba a haƙa harsashi sai an nuna inda ruwa zai bi, wanda ya sare itace kuma ya dasa biyu ya raine su. Ƙaramar hukumar Makoda ta sa hannu.

Limamanmu, kun yi mana huɗuba kan iyakar gona har mun haddace. Muna jiran ta indararo kafin damina ta faɗi.