Kayan Makarantar 'Ya'yanmu Amana Ce a Wuyanmu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa. 

Ya ke 'yar uwa, yaushe rabonki da leƙa makarantar 'ya'yanki? Ba ranar walimar sauka nake nufi ba, lokacin da aka share ko'ina. Ina nufin ranar karatu, ki ga bencin da ɗanki yake zama, da allon da malami ke rubutu, da banɗakin da 'yarki ke shiga.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana, a gabana ya faru. Wani bawan Allah ya ba makarantarmu gudummawar kwamfutoci. Aka yi taro, aka yi addu'a, sannan aka kulle su a ɗaki, wai kada yara su lalata. Da aka buɗe bayan damina, rufi ya yi yoyo, ɓeraye sun cinye wayoyi. A shekarar ne wata ɗalibata mai hazaƙa ta tafi jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 da kwamfuta ake rubuta ta. Ta dawo tana kuka, ta ce, "Malama, wallahi na san amsoshin, amma ban taɓa riƙe na'urar ba, kafin in gane kanta lokaci ya tafi." Ni ma ban wanke kaina ba, domin kullum ina wuce ƙofar ɗakin nan ban ce uffan ba.

'Yar uwa, wannan ba sakaci ba ne kawai, tauye amana ne. A Suratun Nisa'i, aya ta 58, Allah Ya umarce mu da mayar da amana ga masu ita, kuma masu waɗannan kaya su ne yaran. A Suratul Isra'i, aya ta 26 da 27, Ya hana almubazzaranci, Ya kuma danganta masu yin sa da shaiɗanu. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Allah Yana ƙin tozartar da dukiya. To, abin da aka bari ya ruɓe a kulle, ai an tozartar da shi.

Mu tuna, abin da aka ba makaranta don Allah, sadaka ce mai gudana. Da Sayyidina Umar (RA) ya sami gona a Khaibara, Manzon Allah (SAW) ya shawarce shi ya tsare asalinta, ya yi sadaka da amfaninta. Abu biyu ke nan: tsarewa da amfanarwa. Idan ɗaya ya faɗi, mun katse wa mai kyauta ladansa. Dubi masallacin Ƙarawiyyin da ke birnin Fas a Maroko, wanda tarihi ya nuna Fatima al-Fihriyya ce ta gina a shekarar 859. Har yau ana karatu a wurin. Mace ɗaya ta gina, amma kulawar na bayanta ce ta raya shi.

To, me za mu yi?

Na farko, iyaye mata mu shiga kwamitin makaranta, mu nemi a buɗe littafin da za a rubuta kowane kaya, da halin da yake ciki, da mai kula da shi.

Na biyu, a kafa asusun gyara, ko da adashi ne. Ƙusar da aka buga wa benci yau ta fi sauƙi a kan sabon benci gobe.

Na uku, a tsara lokacin da kowane aji zai shiga ɗakin kwamfuta, mata da maza kowa da rabonsa, malami yana tsaye a kansu, musamman idan akwai intanet. A riƙa rufe na'urorin da ƙyalle. In akwai sola, a riƙa goge farantanta lokacin hunturu, domin ƙura tana rage mata ƙarfi.

Na huɗu, kada ƙyalƙyalin na'ura ya mantar da mu ruwa da banɗaki. Yarinyar da ta fara al'ada, in babu wurin tsarki mai ƙofa, gida za ta zauna, karatu ya wuce ta.

Na ƙarshe, tarbiyya daga ɗakinki take farawa. In kika ga alli ko littafin makaranta a jakar ɗanki, ki sa ya mayar da hannunsa. Ki nuna masa cewa zanen bango da karya taga cin haƙƙin 'yan baya ne.

'Yar uwa, cikin makon nan ki nemi izinin maigida, ki je ki gani da idonki, ki yi tambaya cikin ladabi. Ranar gobe kowa za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya shirya mana zuriya, Ya saka wa masu hidimar ilimi da Aljanna. Amin. Wassalamu alaikum.