Kaɗaici a Tsakar Gida

A Gure, tsohon birnin sarautar Muniyo, da wuya a sami yaron da ke kwana shi kaɗai a ɗaki. Gida cike yake da iyaye da ƙanne da baƙin ƙauye. Shi ya sa idan aka ce wani matashi yana tunanin kashe kansa, tambayar farko takan zama: me ya rasa? Tambayar tana ɗauka cewa yawan mutane maganin kaɗaici ne. Ba haka abin yake ba.

Tun 1897 Bafaranshen nan Emile Durkheim ya nuna cewa kisan kai yana da alaƙa da yadda mutum yake ɗaure da jama'arsa: igiyar na iya yin sako-sako, tana kuma iya shaƙewa. Ta biyun ce ta fi kusa da mu. A Nijar, bisa binciken ƙasa na 2012, kashi 76 cikin ɗari na mata an aurar da su kafin su cika shekara 18. Yarinyar da aka yanke wa miji ba ta rasa dangi ba. Ta rasa wanda zai ji "a'a" daga bakinta.

Kunya ado ce, amma tana rufe ƙofa. Ɗan fari, wanda uwa ba ta ko ambatar sunansa, ta yaya zai gaya mata cewa rayuwa ta ishe shi? Magabata sun san da wannan, don haka suka bar ƙananan ƙofofi a buɗe: kaka mai wasa da jika, gwaggo, taubashi, ƙawar amana. A nan ake faɗin abin da ba ya faɗuwa a gaban uba. Yau kuwa ɗalibin da ya baro ƙauye domin kwaleji a Gure yana zaune a gidan wani, kaka tana nesa, kawu ya tafi cirani Libiya ko Kano. Fada ta rage masa, wurin shayi da hira. Fada tana riƙe mutum, gaskiya ne, sai dai wanda ya yi hawaye a can ba ya rabuwa da zolaya.

Musulunci ya haramta kashe kai, aya ta 29 ta Suratun Nisa'i shaida ce. Amma haramcin ya hau kan aikin ne. Bai ba kowa izinin toshe kunne ba. "Yi haƙuri" magana ce mai kyau idan ta biyo bayan saurare. Idan ta riga shi, sallama ce kawai. Masana lafiyar ƙwaƙwalwa sun gano cewa tambayar matashi kai tsaye ko yana tunanin mutuwa ba ta dasa masa tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Saura wanda zai yi tambayar, a gidan da uba ba ya cin tuwo kwano ɗaya da ɗansa.